Ƙwayar da Baba Ya Ɗauka Gyara Ce

Ciwon ya fara bayyana ne a wurin sa riga. Wata safiya Baba ya idar da sallah, ya ɗauki rigarsa ta fita kasuwa, ya kasa ɗaga hannuwansa ya zura ta. Ya tsaya a tsakar gida riƙe da ita kamar kayan wani, har Inna ta ajiye ludayin koko ta zo ta sa masa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki, na sunkuyar da kai kamar ban gani ba.

Gidanmu gidan fawa ne a Talata Mafara, kaka da kakanni. Shekarun aikin dam ɗin Bakolori su ne lokacin da sana'ar ta fi ci. Gari ya cika da baƙi, direbobin manyan motoci da magina da leburori, kuma kowa in ya tashi aiki nama yake nema. Ban da rumfarmu ta kasuwa, Baba ya sami kwangilar kai nama ɗakin girkin sansanin ma'aikatan dam, har ya sayi tsohuwar a-kori-kura saboda haka. Wana, wanda muke kira Yaya, shi ke tuƙa ta, shi ke fiɗa. Ni ina aiki a Sakkwato, ƙarshen mako nake zuwa gida. Baba ya haura sittin, amma saye da yanka suna hannunsa. Yakan hango bijimi daga nesa ya faɗi naman da zai fitar, sannan ya matsa ya dafa tozo da gindin wutsiya don ya tabbatar, kuma ba kasafai wuƙa take ƙaryata shi ba. Idonsa ne jarin gidan.

Ciwon ya kama kafaɗu biyu, da wuya, da kwankwaso har cinyoyi. Da asuba jikin yakan sandare kamar busasshiyar fata, sai rana ta ɗaga yake ɗan saki. In ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne, kuma a gidan mahauta maganin ƙashi ba abin nema ba ne. Inna ta riƙa ɗora ƙafar saniya a wuta tun dare tana ba shi romon da safe. Yaya yana fasa ƙashin cinya yana kawo masa ɓargo. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a kafaɗu har bayansa ya yi tabo. Ciwon bai motsa ba. Baba ya rame, ya bar wa Yaya wuƙar yanka, yana zama a rumfa yana nuni da baki.

Mutumin da ke karɓar nama a sansani ne ya ga yadda Baba yake fama kafin ya sauko daga mota, ya nema masa ganin likitan asibitinsu. Likitan baƙo ne daga ƙasar waje, ba ya jin Hausa, yana da tafinta. Baba ya shiga shi kaɗai, don Yaya yana wurin awon nama. Aka ɗebi jininsa, aka ce ya dawo. Da ya koma, ya fito da abubuwa uku: babbar kwalba cike da fararen ƙwayoyi masu kauri kamar alli, da kwalbar man kifi, da wata 'yar takarda a naɗe mai ɗauke da ƙwayoyi ƙanana, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Na ji labarin daga bakinsa a zaure, yana ba maƙwabta.

"Yaɗ ɗauko babba ya aje. Yaɗ ɗauko ta mai ya aje. Sannan yaj jawo aljihun tebur, yaz zubo 'yan ƙanana cikin takarda, yaɗ ɗora bisa. Mutumin kirki ne, ya san ciniki."

"Mi yac ce ciwon shi ne?" in ji wani.

"Suna nai ya hi ciwon tsawo. Amma ya ja mani kunne. Wai in ya hau kai, ko muƙamuƙi ya gaji da tauna, ko ido ya yi duhu, kada in kwana, in zo a ranar." Ya yi dariya. "Ina ruwan kahwaɗa da ido?"

Daga baya na ga sunan a rubuce a katinsa, polymyalgia rheumatica. Ranar dai dariya muka yi tare da shi.

Abin da ya biyo baya ya yi kama da almara. Kafin mako ya zagayo, Baba ya sa rigarsa da kansa. Ranar Talata, kasuwa na ci, ya ɗaga cinyar saniya ya rataye a ƙugiya a gaban mutane, ya karɓi wuƙarsa daga hannun Yaya. Babbar kwalbar ta sami wurin zama a kan kanta a rumfa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna zuwa su juya ta, su kwafi sunan su tafi kemis. Wani abokin Baba, masunci daga Bakura da ke kawo kifi kasuwa, ya same shi yana shan cokalin man kifi yana yamutsa fuska.

"La ilaha illallahu! Mahauci da man kihi? Ina ɓargon da kaka cika muna baki da shi?"

"Tahi can, mai ƙarni. Wanga ba irin kihin tabkinku ba ne, na teku ne."

"Kihi dai kihi ne. Ka ci amanar shanu, sai ka zo in ba ka komar kamun kihi ka bi mu ruwa."

'Yan ƙananan ƙwayoyin suka ƙare a wani lokaci da babu wanda ya lura. Da manyan suka yi ƙasa, Baba ya aika da kwalbar kemis aka sayo masa irinta, da man kifin. Bai taɓa fashin shan su ba ko rana ɗaya.

Na yi makonni ban zo gida ba saboda aiki. Ranar da na zo, na tarar da shi a zaure ba hula. Ban taɓa ganin Baba a zaure kai buɗe ba. Sumarsa ta fito, fara fat, shi da wanzami ke zuwa wa kowace Juma'a. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Sakkwato ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo abinci, da balangu daga rumfa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya fara tauna, ya tsaya, ya dafa gefen fuskarsa, ya jira, ya sake farawa. Can ya juya kai ya fitar da naman ya ajiye a gefen kwano.

"Wagga saniya ta tsuhwa," in ji shi. "A kawo mani hura."

Naman ba na tsohuwar saniya ba ne. Na ci, laushi gare shi.

Inna ta kira ni bayan ɗaki, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Kafaɗun sun dawo, in ji ta, kuma yanzu kai ne, nan wajen gefen ido. Ko hula ba ya iya ɗorawa, ya kori wanzami don aska tana taɓa fatar kan sai ya zabura. Ya daina son abinci, kullum a gajiye. Ya ninka manyan ƙwayoyin, ya ƙara man kifi, ya sa ta koma dafa ƙafar saniya.

"Na tuna mai maganar likita," in ji ta. "Yac ce ai shina shan magani, mi za ya je ya hwaɗi? Kai ka yi mai magana, ko shi ji taka."

Na yi masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce gobe akwai saye a Maradun, Fulanin Gidan Goga sun sauko da shanu, kuma sansani na jiran nama. In an dawo a gani. Na ce to zan bi su. Ya dube ni, bai hana ba.

Muka isa kara, inda ake cinikin dabbobi, da hantsi. Baba ya naɗa rawani sako-sako a maimakon hula. Da ya shiga cikin shanu sai ya zama kamar ba shi ne mai ciwon ba, yana ratsawa yana amsa gaisuwar dillalai. Ya tsaya a gaban wani farin bijimi ya dube shi, ya zagaya ta dama. Ina bayansa. Na ga ya miƙa hannu zai dafa tozo, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ya tsaya cik. Bijimin ya kaɗa kai, ƙahonsa ya wuce dab da kuncin Baba na dama, Baba ko ƙiftawa bai yi ba.

Yaya ya fizgo shi baya.

"Baba, ba ka ga ƙaho ba?"

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Wallahi ba ka gani ba."

Baba ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu, ya daɗe haka. Ya buɗe, ya sake rufewa.

"Hayaƙi ne. Shina zuwa shina wucewa. Shekaranjiya ma ya zo ya wuce."

"Yanzu ya wuce?" na tambaye shi.

Baba ya sauke hannun. Ya juya ga dillalin ya fara taya bijimin. Yaya, wanda tunda nake ban taɓa jin ya katse maganar Baba ba, ya shiga tsakaninsu ya ce wa dillalin a yi haƙuri, yau babu ciniki. Mutane suka fara juyowa. Fuskar Baba ta ɗaure.

"Gaban mutane za ka kunyata ni?"

"Ka yi mani duk abin da kaka so in mun je gida. Ido guda ya rage muna, Baba. Shiga mota."

Kalmar "muna" ɗin ce, ina jin, ta sa ya bi mu.

A wannan lokacin manoman da aikin dam ya ci gonakinsu suna cikin rigimar diyya, kuma sukan tare hanyoyin da motocin aiki ke bi. Da safe mun wuce lafiya. A dawowa, kafin mu kai mararrabar da ke shiga sansani, muka hango kututture a gicciye a hanya, da ƙayoyi, da mutane masu yawa zaune a gindin itatuwa da sanduna da fartanyoyi. Yaya ya taka birki. Wasu samari suka taso suka kewaye mu. Ɗaya ya leƙa bayan motar, ya ga ƙugiyoyi da tabon jini.

"Ita ce! Motar naman kamhwani ce. Ku ka ciyar da su su samu ƙarhin tone muna gonaki."

"Marar lahiya muka ɗauke da shi," in ji Yaya. "Asibiti za mu."

"Kowa haka shika cewa. Juya."

Yaya ya buɗe ƙofa da ƙarfi, na riƙe masa hannu. Wani ya buga sanda a kan bonet ɗin motar. Na fara bayani, ina ƙoƙarin jera maganar daki-daki, amma babu mai saurare, kowa na magana lokaci guda. Rana ta take. Na waiga na ga Baba ya sake ɗora tafin hannu a ido, wannan karon na dama ya rufe, yana gwada na hagun.

Ya sauko da kansa, yana dafa ƙofa. Ya tambayi wane ne babba a wurin. Aka nuna wani dattijo a kan buzu. Baba ya taka zuwa wurinsa a hankali, yana ɗan karkata kai gefe don ya ga ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya rusuna da ƙyar.

"Salamu alaikum. Mun yini lahiya?"

"Wa alaikumus salam. Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali? Ina ɗiya?"

"Lahiya lau suke."

"Ina haƙuri da wanga al'amari?"

"Haƙuri sai ma'abucinai."

"Allah shi hid da ku."

"Amin."

Ina tsaye ina jin kowace gaisuwa kamar ana zare mini jijiya. Yaya yana murza makullin mota a hannu. Baba bai tsallake ko ɗaya ba, har da tambayar damina da dabbobi. Amma kafin ya gama, hayaniyar ta lafa, samarin sun matso suna saurare. Sai da ya kai ƙarshe sannan ya ce:

"Malam, ni mahauci ne, nama nika kai musu, ban ɓoye ba. Idona na dama ya tahi yau da hantsi. Likita ya ce in ban zo a ranar ba, na hagu na iya bi nai. Shi ne nika roƙon hanya."

Dattijon ya taso ya matso dab da fuskar Baba. Ya ɗaga hannu ya wuce da shi ta gefen dama. Baba bai motsa ba. Dattijon ya koma ya yi shawara da mutanensa, shawarar da na ga kamar ba za ta ƙare ba. Ya dawo ya ce mota ba za ta wuce ba, sun yi rantsuwa a kan haka, kuma in suka buɗe wa ɗaya sun buɗe wa duka. Amma ba su yi rantsuwa a kan keke ba. Ya sa aka kawo nasa.

Muka bar motar a nan. Baba ya zauna a kariyar keken, bayan sirdi, Yaya ya tuƙa, ni ina gudu a gefe ina riƙe da bayansa don kafaɗunsa ba sa iya riƙo. Inda yashi ya yi yawa muka sauka muka tura. Ban san tsawon tafiyar ba. Abin da nake tunawa shi ne duk bayan ɗan lokaci ina tambayarsa abin da yake gani a gaba, yana amsawa: itace, tankin ruwa, wata mata da tulu. Can ya ce in rufe masa baki, in ya daina gani zai faɗa.

Likitan yana shirin tashi muka iso. Da tafinta ya gaya masa abin da ya kawo mu, ya ajiye jakarsa. Ya haska idon Baba na dama da 'yar fitila, ya haska na hagu, ya taɓa jijiyar gefen kansa, Baba ya zabura. Ya yi tambaya da sauri.

"Yana cewa, kana shan maganinka?" in ji tafinta.

"Kullum. Har ninkawa na yi." Baba ya zaro babbar kwalbar daga aljihu, don ba ya rabuwa da ita.

Likitan ya dubi kwalbar, ya ajiye ta gefe, ya nuna ƙanƙanta da yatsu biyu.

"Ƙananan fa, Baba? Na cikin takarda?" in ji tafinta.

"Sun ƙare tuntuni."

"Ai na gaya maka in sun kusa ƙarewa ka dawo a ƙara maka. Ni na faɗa da bakina."

"Ka hwaɗi, na ji. Ni ma haka nika ce ma mai saye, sai ka dawo in ƙara ma. Wa ka dawowa?" Baba ya juya ido ɗayan gare shi. "Ɗana, waɗannan ai gyara ce. Ya ba ni kaya, sannan ya ɗora su bisa. Ka taɓa ganin mutum mai mutunci ya koma wurin mahauci ya ce gyara ta ƙare, a ƙaro?"

Nan take na gane abin da Baba ya gani a teburin nan. A rumfarmu in an kasa nama, mai saye ya zaɓi kashinsa, sai a yanko ɗan guntun hanta ko kitse a ɗora a sama, kyauta, don a rabu da daɗi. Abin da ya cika hannu shi ne kaya, ɗan abin da aka ɗora daga ƙarshe alheri ne. Shekara da shekaru hannun Baba na yin haka, kuma abin da ya ga hannun likita ya yi ke nan.

Tafinta ya yi wa likitan bayani. Likitan ya saurara, bai yi faɗa ba, ya riƙe goshinsa kawai. Sannan ya sa aka gaya mana a hankali. Ƙaramar ƙwayar ita ce maganin. Ita ke kwantar da kumburin da ke cin kafaɗu, kuma ita ke hana shi hawa jijiyoyin kai da ke kai wa ido jini. Ba a yanke ta farat ɗaya, ana rage ta ne sannu a hankali, tsawon watanni masu yawa. Amma in an daɗe ana shan ta tana rage ƙarfin ƙashi. Saboda haka ne aka haɗa masa da manyan, masu sinadarin gina ƙashi, da man kifin mai bitamin ɗin da ke taimaka musu. Aikinsu gadin ƙashi ne. Ko buhu ya sha ba za su taɓa ciwon ba.

Tun ana cikin bayanin ma'aikaciyar jinya ta kawo allura, da tarin ƙananan ƙwayoyin a tafin hannu, ninkin abin da yake sha a da. Baba ya dube su, ya haɗiye ba musu. Aka ba shi gado.

Yaya ya tambayi abin da ni na kasa tambaya, ko na daman zai dawo. Likitan ya ce da wuya. Na hagun fa? Ya ce kwanakin nan na gaba ne za su nuna, don wani lokaci ciwon yakan tsallaka kafin magani ya gama kama shi.

Na aika Sakkwato cewa ba zan dawo aiki ba sai na ga abin da hali ya yi. Inna ta zo washegari ta wata hanyar, da fura a ƙwarya. Kowace safiya likitan yakan shigo ya rufe wa Baba idon dama, ya koma bakin ƙofa ya ɗaga yatsu, mu kuma mu daina numfashi har Baba ya faɗi adadinsu. Ciwon kan ya sauka tun a rana ta biyu, kafaɗu suka saki. Wata safiya Baba ya yi jinkirin amsawa, Inna ta dafe ƙirji. Ashe yana kallon bayan likitan ne, ta taga, inda aka ɗaure wani rago a gindin darbejiya.

"Uku," in ji shi. "Kuma wancan rago yana da ciwon hanta, a gaya wa mai shi kada ya daɗe da shi."

Bayan kwanaki likitan ya ce haɗarin ya wuce, muddin bai sake yanke ƙaramar ba. Na daman bai dawo ba har ƙarshen ransa. Na hagun ya tsaya.

Saye a kara ya koma hannun Yaya, don mai ido ɗaya ba ya shiga tsakanin ƙahoni. Baba ya ci gaba da zama a rumfa. Ranar da ya fara komawa, na raka shi. Ya sa aka juya masa kututturen saran nama yadda idon hagu zai fuskanci hanya. Ya ɗauki wuƙa, ya ɗora tsoka, ya auna, wuƙar ta sauka ɗan nesa da inda ya nufa. Ya janye yatsun hannunsa na hagu baya, ya sake aunawa, ya yanka. Wata mata tana tsaye da kwanonta tana jira, ya ce mata ta yi haƙuri, yau hannun sabo ne.